Falalen Dutse a Watan Yuli

Biyar na asuba muka ajiye mota
a gindin dutsen, can arewacin New Hampshire,
ni da Orrin Pelkey, mai shekara saba'in da ɗaya,
gwangwanin shuɗin fenti a jakarsa
yana ƙugi kamar cikin da bai karya ba.

"Jiya an yi ruwa," ya ce. Bai dubi sama ba,
ƙasa ya duba.
"Dutse ba ya shan ruwa. Ajiyewa yake yi,
yana jiran mai gaggawa."

A cikin kurmi laka ta riƙe mu har idon sawu,
saiwoyi sun fito tsirara, sai santsi.
Ƙananan ƙudaje baƙaƙe suka taso mana,
ba kuka, ba sallama,
sai ka shafa bayan kunne ka ga jini.

Daga nan itatuwa suka soma gajarta,
suka durƙusa, suka ƙare.
Ga falalen nan ya miƙe a gabanmu,
fari fat inda rana ta lasa,
baƙi wuluk inda ruwa ke tsiyaya.
Farin yana kama takalmi kamar harshen kyanwa.
Baƙin kuwa sabulu ne.

Na koma rarrafe, da girmana.
Tafin hannu a kan dutse mai zafin kasko,
yatsu na laluben tsaga,
gumi na shiga ido, ba hannun sharewa.
Akwai wata 'yar gaɓa da za a bi a kaikaice,
faɗinta bai wuce takalmi ɗaya ba:
hagu bango,
dama ba komai,
sai iska, da wani shaho yana shawagi ƙasa da ni.
A nan gwiwata ta fara rawa ba da iznina ba.

"Kar ki rungumi dutsen," in ji Orrin.
"Ba uwarki ba ce. Tsaya kan ƙafarki."

Ya tsuguna wurin wata alama da ta koɗe,
ya buɗe gwangwani da bakin wuƙa.
"Wannan Maribeth ce ta fara shafa ta,
shekarar da aka haifa mana Dell.
Hannunta ya fi nawa miƙewa."
Ya bi sawun tsohon fentin a hankali,
bai ƙara ba, bai rage ba.

Cikin tsagar dutse na sami 'ya'yan itace,
shuɗɗa, ƙanana kamar ƙwayar wake,
rana ta ɗumama su, tsami da zaƙi.
Muna ci wasu samari uku suka wuce mu a guje,
gorar ruwa ɗaya a tsakaninsu.
Orrin ya bi su da ido,
ya sake ƙirga su, kamar wanda za a tambaya.

Sha ɗaya da rabi iska ta ɗauke cak.
Daga yamma gajimare ya yi gini, hawa kan hawa,
gindinsa ya yi launin toka.
Can nesa, wani abu ya gyara murya.

"Saura kaɗan fa," na ce. Ina hango tarin duwatsun ƙololuwa.
"Saura kaɗan ɗin nan," ya ce,
"na taɓa sauko da shi a kan makara, mu shida."
Ya rufe gwangwani.

Sauka ta fi hawa cin rai.
Muka zauna daɓas muna jan gindi,
dutse ya ci wandona, ya ci fatar gwiwar hannu.
Samarin suka riske mu a ƙaramar gaɓa, tsit,
ɗaya ba hula, leɓensa fari.
Orrin ya miƙa masa gorarsa, bai ce uffan ba.

Ɗigon farko ya same mu a bakin kurmi,
falalen duk ya koma baƙi a bayanmu.
Wurin mota ya tura gwangwanin cikin jakata.
"Saura alama tara a sama.
Gwiwata ta ce ta gama."

Kwana huɗu ke nan ina wanke hannu.
Shuɗin yana nan a ƙarƙashin farce.